Yadda zaka tantance makarantun nazare na gwamnati a gundumarku a Amurka ba tare da maki ya ruɗe ka ba

Abin da kusan kowa yake fara yi idan yaro ya doshi shekara huɗu a Amurka shi ne ya ɗauki waya ya rubuta sunan makarantar unguwa, nan take shafin GreatSchools mai auna makarantu ya fito masa da maki, wannan 3 cikin 10 wancan 9 cikin 10, wani lokacin ma a shafin neman gidaje na Zillow zaka gani a ƙasan hoton gidan da kake neman haya, shikenan sai hankalin iyaye ya tashi, wasu har tunanin tashi daga unguwa suke yi saboda wannan lamba guda ɗaya. Ni ma haka na yi da ɗana na fari, na yi sati biyu bana barci sosai saboda makarantar da aka ba mu makinta ƙasa yake, sai daga baya wata malama ta zaunar da ni ta fahimtar da ni cewa makin nan ko kusa ba na ajin da zan saka yaron bane. Wallahi tun ranar nake jin takaicin yadda ba a faɗa wa iyaye wannan magana tun da wuri, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan ga 'yan uwa iyaye mata da maza da suke wannan mataki yanzu.

Ga yadda abin yake. Dokar ilimi ta tarayya da ake aiki da ita, wato ESSA wadda Obama ya sa wa hannu a Disamban 2015 ta maye gurbin tsohuwar dokar No Child Left Behind, ta ce a yi wa yara jarrabawar jiha ta karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Daga aji uku fa. Yaro ɗan shekara huɗu babu wata jarrabawar jiha da yake zaunawa, ɗan kindagatin, wato ajin 'yan shekara biyar da ke tsakanin nazare da aji ɗaya, ma haka, ɗan aji ɗaya da aji biyu ma haka a mafi yawan jihohi. Toh kaga makin da ke jikin makarantar firamare mai ajin nazare a cikinta, sakamakon yara ne 'yan shekara takwas zuwa sha ɗaya, waɗanda da yawansu ma ba a wannan ginin suka yi nazare ba, wasu sun zo ne daga wata jiha bara, malaman da suka koyar da su kuma ba su ne zasu riƙe maka yaro ba. Yana da amfaninsa, zan zo kansa, amma ba shi ne amsar tambayarka ba.

Fara da sanin gundumarku da irin shirye-shiryen da ke cikinta

Amurka tana da gundumomin makarantu wajen 13,000 kuma iyakar gunduma ba lallai ta zo daidai da iyakar gari ba, zaka iya zama a titi ɗaya da mutum yaranku suna gunduma daban. Saboda haka ka shiga shafin gundumar ka nemi wurin da ake saka adireshi ya nuna maka makarantar da gidanka ya faɗa ƙarƙashinta, in babu ka kira ofishin rajista ka tambaya. Su can pre-K suke ce wa abin, wannan kalmar zaka rubuta wajen bincike, don in ka rubuta nazare wata cibiyar renon jarirai ta kuɗi zata fito maka.

Sannan ka gane cewa abin da ake kira nazare na gwamnati ba abu ɗaya bane, aƙalla kala huɗu ne kuma sau da yawa a gini ɗaya suke zaune ƙofa da ƙofa. Akwai na jiha. Akwai Head Start wanda na gwamnatin tarayya ne, tun 1965 zamanin Lyndon Johnson aka fara shi, an yi shi ne don iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce layin talauci na tarayya ba, da yaran da ke hannun riƙo da waɗanda ba su da matsuguni, kuma doka ta ce aƙalla kashi 10 cikin 100 na gurabensa na yara masu buƙata ta musamman ne. Akwai ajin da gunduma ke biya da kuɗin Title I da ake ba makarantun da masu ƙaramin ƙarfi suka yi yawa. Sai kuma ajin yara masu buƙata ta musamman 'yan shekara uku zuwa biyar ƙarƙashin dokar IDEA. Dalilin da ya sa na dage a kan wannan, duk alƙaluman da zaka gani daga baya sun dogara ne da wane irin aji ne, ajin Head Start dole ka ga talakawa sun cika shi don su aka yi wa, ba wai alamar lalacewa bace.

Jiha ma tana da nata tasiri sosai. Jojiya ta buɗe nata ga duk ɗan shekara huɗu tun 1995, Oklahoma 1998, Filorida ta fara a 2005 bayan jama'a sun kaɗa ƙuri'a a kai a 2002, birnin Niyok ya faɗaɗa nasa a 2014 zamanin magajin gari Bill de Blasio sannan aka ƙara na 'yan shekara uku a 2017, Washinton babban birni ita ma tana ɗaukar 'yan shekara uku da huɗu, Kalifoniya kuma ta bi ta wani aji na share fagen kindagatin. A ɗaya ɓangaren akwai irin su Idaho da Wyoming da South Dakota da New Hampshire da suka daɗe ba su da shirin jiha, a can sai dai Head Start ko abin da gunduma ta yi da kanta. Cibiyar NIEER ta jami'ar Rutgers tana fitar da rahoto duk shekara jiha bayan jiha, kyauta ne, ka buɗe shafin jiharku ka gani. Suna da ma'auni guda 10 na inganci, cikinsu akwai kar aji ya wuce yara 20, babba ɗaya ga yara 10, babbar malama ta kasance tana da digiri kuma ta karanci ilimin ƙananan yara. Waɗannan ukun ka riƙe su a ka, zasu yi maka amfani ranar ziyara.

Yadda ake karanta alƙaluman su waye yaran makarantar

Yanzu ka ɗauko takarda ka ja layi, kowace makaranta da layinta, uku ko huɗu sun isa kar ka wahalar da kanka da goma. Wuraren samun bayanai guda uku ne. Na farko katin rahoton makaranta da ma'aikatar ilimi ta jiha take wallafawa, doka ce ta wajabta musu. Na biyu shafin NCES, wato cibiyar ƙididdigar ilimi ta tarayya, akwai wurin neman makarantun gwamnati, zai nuna maka yawan yara aji-aji har da na nazare, da yawan malamai, da rabe-raben launin fata. Na uku kuma wanda mutane ba su cika sani ba shi ne CRDC, bayanan da ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi yake tattarawa daga makarantu, a nan ne ake ganin dakatar da yara.

Launin fata a fom ɗin gwamnati gida bakwai ne kacal, kuma ɗanka yana cikin gidan baƙaƙe ne tare da ɗan Somaliya da ɗan Haiti da ɗan baƙar fatan da kakanninsa suka yi shekaru ɗaruruwa a ƙasar, duk lamba ɗaya. Kenan in ka ga an rubuta baƙaƙe kashi kaza, bai faɗa maka komai ba game da ko akwai 'ya'yan baƙi masu wani yare a gida. Wanda zai faɗa maka wannan shi ne adadin masu koyon Turanci, shi ma da sharaɗi, domin jihohi da yawa sai a kindagatin suke fara tantance yaro a hukumance cewa mai koyon Turanci ne, don haka ajin nazare zai iya cika da yara masu Sifaniyanci da Larabci da Hausa a gida amma takarda ta nuna sifili. Wannan sai ka tambaya da baki.

Ma'aunin talauci kuma yawanci abincin rana na makaranta ake amfani da shi. Iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 130 cikin 100 na layin talauci ba yaransu kyauta suke ci, zuwa kashi 185 kuma da rangwame. Da can wannan lambar tana da ma'ana sosai amma yanzu ta ɗan rikice, saboda akwai tsarin da makarantar da talakawa suka yi yawa take ciyar da kowa kyauta ba a cike fom, kuma jihohi irin Kalifoniya da Maine da Minnesota sun mayar da abincin kyauta ga duk yaro, sai kaga makaranta an rubuta mata 100 cikin 100 alhali ba haka unguwar take ba, ko a bar wurin babu komai. In ka ga haka ka duba layin da jiha ta rubuta masu ƙaramin ƙarfi, galibi daga rajistar tallafin abinci suke ciro shi, ya fi kusa da gaskiya.

Wani abu kuma, in ka ga tauraro ko layi a maimakon lamba ba ɓoye laifi ake yi ba, idan yaran wani rukuni ba su kai wani adadi ba, a jihohi da yawa tsakanin 10 ne zuwa 30, ba a wallafa sakamakonsu don kar a gane ko ɗan wane ne. Kuma wannan ƙarancin yara shi ne babbar matsalar alƙaluman nazare gaba ɗaya. A ce aji yara 18 ne, yara biyu kawai su canza sai lamba ta motsa da fiye da kashi 10 cikin 100, bana a ce aji ya yi fice baɗi a ce ya faɗi alhali malama ɗaya ce aiki ɗaya take yi. Don Allah kar ka yanke hukunci da shekara ɗaya, ka duba uku a jere.

Toh me ya sa ma ake duba waɗannan alƙaluma tunda ba zaɓen maƙwabta kake ba? Ni dai amsata ita ce don ka san yadda zaka auna makin. A Amurka makin jarrabawa yana bin arzikin iyaye sau da ƙafa, an daɗe da sanin wannan, ga kuma kuɗin makarantu da kaso mai tsoka nasa daga harajin gidaje na yankin yake fitowa, tarayya abin da take bayarwa kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai. Makarantar da iyayen yaranta likitoci ne da lauyoyi zata samu 9 ko da koyarwar cikinta tsaka-tsaki ce, don yaran sun zo da rabin karatun daga gida. Wadda kuma ta karɓi yaran da suka zo ba su san ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta kai su inda suke karanta littafi a aji biyu, ita ce ta yi aiki, amma 4 zaka gani a jikinta. Shi ya sa a katin rahoto nake cewa a bar layin yawan waɗanda suka ci a koma layin cigaba, wato nawa yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana. Sannan ka kwatanta makaranta da 'yar uwarta mai irin yaranta, mai talakawa da yawa da mai talakawa da yawa, in ɗaya ta fi ɗaya cigaba a nan ne ka kama wani abu na gaske. Ka kuma duba sakamakon rukunin da ɗanka zai faɗa ciki, baƙaƙe da masu koyon Turanci, domin akwai makarantu masu maki sama da idan ka buɗe wannan layin zaka ga giɓi mai ban tsoro, kaga ai wannan 9 ɗin ba na ɗanka bane.

Abin da ake aunawa a nazaren kansa

Tunda babu jarrabawa, da me ake gane aji mai kyau? Hanyoyi biyu ne, auna yara da auna ajin.

Auna yara malama ce take yi ta hanyar lura, tana rubuta abin da ta ga yaro ya iya, gundumomi da yawa da wani tsari mai suna Teaching Strategies GOLD suke aiki, sau biyu ko uku a shekara. Ba haruffa da ƙirga kaɗai ake dubawa ba, har da iya jiran layi, iya riƙe fensir da almakashi, iya faɗin abin da ke damunsa da baki maimakon duka. Wasu jihohi irin Ohio da Maryland suna da gwajin shirin shiga kindagatin a farkon shekara, wasu gundumomi kan raba sakamakon su nuna waɗanda suka yi nazaren gwamnati da waɗanda ba su yi ba. In gundumarku ta fitar da irin wannan ka karanta amma da hankali, don malamar da ta koyar ita ce ta ba da makin a tsarin lura, kuma yaran da ba su yi na gwamnati ba wasunsu na kuɗi mai tsada suka yi, ba a gida suka zauna ba.

Auna ajin shi ne ya fi burge ni gaskiya. Akwai wani ma'auni sunansa CLASS da aka ƙirƙira a jami'ar Virginia, wani ƙwararre ne zai zo ya zauna a bayan aji yana kallon yadda malama take mu'amala da yara ya ba da maki daga 1 zuwa 7 a fanni uku: kulawa da tausasawa, tsarin tafiyar da aji, da kuma yadda take jan tunanin yara da harshensu. Head Start da shi ake duba su, jihar Louisiana kuma duk ajin ƙananan yara da ke karɓar kuɗin gwamnati ana auna shi da wannan a wallafa kowa ya gani. Abin da zaka lura shi ne fanni na ukun nan kusan ko'ina shi ne ƙasa, malamai da yawa suna da kirki ajinsu kuma a tsare amma hirar da ke sa yaro tunani ta yi kaɗan, don haka in ka samu aji mai maki mai kyau a na ukun ka riƙe shi da hannu biyu. Akwai kuma ECERS da ya fi duba muhallin aji da kayan wasa da tsafta. Jihohi da yawa suna haɗa waɗannan su ba da taurari, North Carolina ɗaya zuwa biyar, Pennsylvania ɗaya zuwa huɗu. Ka tambayi shugaban makaranta kai tsaye, an auna ajin nan da CLASS, nawa ya samu, yaushe? Mai gaskiya zai faɗa maka ko ya ce bari ya nemo.

Idan gurbin da aka ba ka a wata cibiya ce mai zaman kanta da ta yi kwangila da gunduma, wanda ya zama ruwan dare a Niyok da New Jersey, toh ka ƙara da duba rahoton masu binciken lasisi, jihohi suna saka shi a intanet, zaka ga ko an taɓa kama su da barin yara babu mai kula ko rashin tsafta. Ka kuma tambayi shekara nawa malamar ta yi a wurin, saboda a wurare da yawa albashin malaman cibiyoyi bai kai na malaman cikin makarantar gwamnati ba, sai su riƙa tafiya, yaro ya canza malama uku a shekara ɗaya, kuma ɗan shekara huɗu da mutum yake shaƙuwa kafin ya koyi komai.

Lambobi biyu da bana so kowa ya tsallake

Na farko rashin zuwa. Yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta, wato wajen kwana 18 a shekara mai kwana 180, shi ake kira mai yawan fashi, ko da uzuri ko babu. A Shikago masu bincike na jami'ar garin sun taɓa bin wannan a nazaren gwamnati suka tarar kusan rabin 'yan shekara uku da fiye da ɗaya cikin uku na 'yan shekara huɗu suna cikin wannan hali, rashin lafiya da matsalar sufuri suna cikin manyan dalilai. Makarantar da fashi ya yi yawa a cikinta ka tambaya ko akwai bas, ko rabin yini ne, don ajin awa biyu da rabi ko uku yana wahalar da iyaye masu aiki ƙwarai, mutum ya bar aiki ya kai ya dawo ya sake barin aiki ya ɗauko, ƙarshe sai a daina kaiwa.

Na biyu dakatarwa da kora, kuma a nan zan ɗan tsaya don ya shafe mu kai tsaye. Mutum zai ce wa zai kori ɗan shekara huɗu daga makaranta? Ana yi. Walter Gilliam na jami'ar Yale ya fitar da bincike a 2005 da ya nuna ana korar 'yan nazare fiye da ninki uku na yadda ake korar ɗaliban kindagatin zuwa ƙarshen sakandare. Bayanan CRDC na shekarar karatu ta 2013 zuwa 2014 kuma sun nuna yara baƙaƙe su ne kashi 19 cikin 100 na 'yan nazaren gwamnati amma su ne kashi 47 cikin 100 na waɗanda aka dakatar. Kai uban ɗa namiji mai kuzari da baya zama wuri ɗaya, ke uwar yarinyar da bata iya Turanci ba tukuna ta yadda in an ɓata mata rai sai kuka da ture-ture, wannan lambar taku ce. Ka buɗe CRDC ka duba makarantar da gundumar. Jihohi da dama sun taƙaita wannan abu yanzu kuma dokokin Head Start sun hana kora saboda halayya, amma akwai korar da bata shiga takarda, wato a kira ka ƙarfe goma na safe a ce zo ka ɗauki ɗanka yau ya yi rigima, gobe ma haka, jibi ma haka. Ya faru da ni a wata makaranta, sati uku ana kira na, da na nemi a ba ni a rubuce sai kiran ya tsaya aka fara zancen yadda za a taimaki yaron a cikin aji. Duk ranar da aka ce ka ɗauke shi ka ce a rubuta maka dalili da kwanan wata.

Ranar ziyara

Gani ya kori ji. Duk abin da ka tara a takarda rabin aiki ne, ka nemi a bar ka ka shiga aji ana cikin karatu, ba ranar taron baƙi da aka share ko'ina aka jera kujeru ba. In Turancinka bai zauna ba kana da haƙƙin a samo maka tafinta kyauta a kuma fassara maka muhimman takardu, wannan yana ƙarƙashin dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, kar ka yarda a ce babban ɗanka ya fassara maka.

Ka ƙirga yara ka ƙirga manya. Ka saurari muryar wa ta fi yawa, in ta malama ce kawai yara sun yi tsit suna cike takardu, ni wannan baya burge ni ko kaɗan duk da na san mu iyaye muna son ganin yaro ya dawo da aikin gida. Ka duba ko malama tana durƙusawa daidai tsayin yaro in zata yi masa magana, ko tana tambayar me ya sa, yaya kake gani, ko kuwa duk tambayarta wane launi ne wannan. Ka duba bango, zanen yara ne kowa da nasa ko duk iri ɗaya kamar an buga a inji. Ka tambayi minti nawa suke fita waje, me ake yi in yaro ya yi fitsari a wando, me ake yi in ya ciji wani, akwai barcin rana, ana ba da abinci kuma za a kiyaye abin da baya ci. Sannan ka tambaye ta ra'ayinta a kan yaren gida, wadda ta ce ku daina yi masa Hausa don ya kama Turanci da sauri bata bi ilimin zamani ba, ƙwararru a fannin suna ƙarfafa a riƙe yaren gida ne, Turanci kuwa zai zo har ya fi ƙarfinka.

Akwai bincike biyu da suka sa na daina ɗaukar kowane nazare a matsayin alheri kai tsaye. A Tennessee jami'ar Vanderbilt ta bi yara wajen 3,000 da aka raba wa gurbi ta hanyar ƙuri'a, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna zuwa aji shida waɗanda suka yi nazaren jihar makinsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba su samu ba, matsalar ladabtarwa ma ta fi yawa a cikinsu. A Boston kuwa an bi yara fiye da 4,000 da suka shiga ƙuri'a tsakanin 1997 da 2003, makin jarrabawar jiha bai nuna wani bambanci ba amma waɗanda suka samu gurbi sun fi gama sakandare sun fi shiga kwaleji. Ka ga na Boston ɗin nan, da makin aji uku kaɗai aka duba da an ce shirin bai yi komai ba.

Neman gurbi

Manyan gundumomi da yawa tsakanin Disamba da Maris suke buɗe neman gurbin shekarar da zata fara a Agusta ko Satumba, wanda ya jira bazara sai layin jira. Ka duba ranar yanke shekaru, wato ranar da dole yaro ya riga ya cika shekarun shiga ajin, jihohi da yawa 1 ga Satumba ce, birnin Niyok kuma shekarar haihuwa yake bi har 31 ga Disamba. Ka tanadi takardar haihuwa ko fasfo, katin rigakafi, takardar haya ko bil ɗin wuta mai adireshinka, da shaidar kuɗin shiga in shirin na masu ƙaramin ƙarfi ne. Wanda yake zaune a gidan wani saboda rashin muhalli ko a masaukin gwamnati, dokar McKinney-Vento ta ba shi kariya, kowace gunduma tana da jami'in wannan aiki, ka nemi shi da sunan dokar.

Inda ake ƙuri'a kamar Washinton da Niyok, ka jera makarantun yadda kake son su tsakani da Allah, ta ɗaya a ɗaya, tsarin nasu an gina shi ne yadda dabarar saka mai sauƙin samu a sama bata ƙara maka komai. Ka cika zaɓi da yawa, ka karɓi wadda aka ba ka ko ba ita ka fi so ba tunda sunanka yana nan a layin jiran na sama, kuma layin yana motsi har bayan an koma makaranta. In kuma kana ganin ɗanka maganarsa ta yi jinkiri ko baya amsa kira ko wani abu dai bai kwanta maka ba, kar ka jira ƙuri'a, ka rubuta wa gunduma takarda kana neman a gwada shi, kyauta ne daga shekara uku kuma dole su duba buƙatar, in ya cancanta za a yi masa tsarin karatu nasa na musamman. Bayan ya shiga, dokar FERPA ta 1974 ta ba ka ikon ganin duk abin da aka rubuta a fayil ɗinsa cikin kwana 45 da nema, don haka a zaman iyaye da malamai na farko ka ce a nuna maka rahoton lura na farkon shekara, ka ɗauki hotonsa a waya ka ajiye, in an fitar da na ƙarshen shekara ka jera su gefe da gefe.